Haibiskos a gidajen Kano: me ke sa fure ya zube tun bai buɗe ba?

Uwargida Tarauni:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ce ga masana fulawa. Haibiskos ne ja mai ninki, a cikin baƙar tukunyar roba, jingine da katangar da rana ke duka da yamma. Tun shigowar Afrilu yake ɗaure ƙullin fure da yawa, amma kafin su buɗe sai su yi rawaya su faɗo. Ganyen ƙasa ma yana zuba. Ruwa kam kullum ana ba shi. Wane magani ake fesawa?

Mai Fulawa Nasarawa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki sayi magani tukuna, amsar tana cikin bayaninki. Mai ninki ya fi mai falle ɗaya raki, shi ne farkon zubar da fure da zarar zafi ya haura digiri 35, mu kuwa a Afrilu 40 muke gani. Baƙar roba tana shan rana har ta gagari tafin hannu, kuma saiwar da ke sha tana manne ne da jikin robar ta ciki, dahuwa take yi. Katangar yamma kuma tana tara zafi tun azahar, ta ci gaba da huro shi har bayan isha'i. In ƙasan intalok ne, abin ya zama goma da ashirin.

Ki mayar da shi gefen gabas, inda zai sha rana daga hantsi zuwa wajen ƙarfe 12, inuwar gini ta rufe shi bayan nan. In babu wurin, a ɗaura masa ragar inuwa mai tare kashi 30 zuwa 50 na rana. A saka tukunyar robar cikin wata ta ƙasa ko ta siminti da ta fi ta faɗi, a cike tsakaninsu da ɓuntun shinkafa, a ɗora kan bulo biyu don ta rabu da zafin daɓe. Ƙullin da suka riga suka yi rawaya ba za su dawo ba. Sababbin da za su fito bayan mako uku zuwa huɗu su za ki duba.

Ɗan Hotoro:
To ai ni abin da na sani, haibiskos ɗan rana ne. Duk wanda ya sa shi a inuwa ganye kawai zai tara.

Malamin Gona:
Ɗan'uwa, gaskiyarka rabi ce. Yana buƙatar rana ta awa 5 zuwa 6, ƙasa da haka zai yi dogayen rassa sirara, ganye manya, fure jefi-jefi. Shi ya sa wanda aka dasa a gindin darbejiya ko mangwaro ba ya abin kirki, ga inuwa mai duhu ga saiwar bishiya tana kwashe ruwa. Amma masu cewa a bar shi cikin rana wuni guda suna magana ne a kan ƙasashe masu laima. Ƙasar Malesiya ta ɗauke shi a matsayin furenta na ƙasa tun 1960, can kuwa ruwan shekara ya haura milimita 2,000 kuma yana zuba kusan kowane wata. Namu da ƙyar yake kai rabin haka, kuma kusan duka tsakanin Yuni da Satumba. Rana ɗaya ce, iskar ce ba ɗaya ba. A bazarar Kano ganye yana fitar da ruwa fiye da yadda saiwa za ta iya jawowa ko da ƙasar a jiƙe take, sai shukar ta rage nauyin da ke kanta, kuma fure shi ne abin da take fara yarwa. Daga Yuni zuwa Fabrairu ana iya barinsa cikin rana sosai. Maris zuwa Mayu ne ake kare shi daga ta yamma.

Baba Gadina:
Hajiya, kin ce kullum ana ba shi ruwa. Nawa? Da wane lokaci? Kuma yana fita ta ƙasan tukunyar?

Uwargida Tarauni:
Baba, buta ɗaya ce da safe. Ban cika ganin ya fita ta ƙasa ba, wani lokacin kuma ana zubawa yake tsiyayewa ta gefe.

Baba Gadina:
Yauwa, ga ta nan. In ƙasar tukunya ta bushe ƙayau sai ta tsuke ta rabu da jikin roba, ruwa ya bi ta wannan tsagar ya fice, tsakiya inda saiwa take ko ɗigo bai samu ba. Mai ban-ruwa ya ga ruwa a ƙasa ya ɗauka ta ƙoshi. A samu baho, a zuba ruwa zuwa rabin tsayin tukunyar, a tsoma ta minti 30 har kumfar iska ta daina tasowa, a ɗaga ta tsane. Daga nan sai a riƙa zubawa a hankali, sau biyu, da tazarar minti biyar.

Ƙa'idar da ba ta ƙarya ita ce yatsa. A cusa shi zuwa gaɓa ta biyu. In da danshi a bari, in babu a ba shi har ya fito ta ramukan ƙasa. Tukunya mai faɗin santimita 30 a bazara tana shan lita 2 zuwa 3 da asuba, a sake duba ta bayan la'asar, sau da yawa tana son ƙari. Wanda ke cikin ƙasa, in ya kai shekara, bokitin lita 10 kowace rana ko bayan kwana biyu, gwargwadon ƙasar. Jigawa ta fi laka saurin bushewa. Da hunturu a rage zuwa sau biyu ko uku a mako, domin dare yana sauka zuwa digiri 13 ko 14 kuma shukar ba ta girma sosai. A Agusta a ajiye buta gaba ɗaya. Abin da ya fi zubar da ganye shi ne yau ƙishi gobe ambaliya.

Wani abu kuma, kada a ɗebi ruwan tankin sama da rana tsaka a zuba masa. Ruwan baƙin tanki da ƙarfe biyu ya isa wanka a hunturu. A tara a bokiti ya huce.

Hajiyar Gwale:
Tunda ana maganar ruwa, ya batun ruwan rijiya mai zartsi? A cikin gari da yawa shi muke da shi, na famfo sai an ga dama. Ana ganin fari-fari yana taruwa a bakin tukunya, sabon ganye kuma yana fitowa rawaya, jijiyoyinsa kaɗai ne kore.

Malamin Gona:
Hajiya, wannan tambaya ta fi ta farko wuya, bari in ɗan tsawaita. Rawayar ganye iri-iri ce, kuma inda ta fara shi ke nuna dalili.

In tsofaffin ganye na ƙasa ne ɗaya-biyu suka yi rawaya gaba ɗaya suka faɗi, wannan tsufa ne ko sauyin ban-ruwa, ba abin tashin hankali ba. In sabon ganye na kan reshe ne ya yi rawaya jijiya na kore, kamar yadda kika faɗa, ƙarancin sinadarin ayan ne, wato sinadarin ƙarfe. Ba wai babu shi a ƙasar ba, yana nan, amma ya ɗaure. Haibiskos yana son ƙasa mai ɗan tsami kaɗan, ma'aunin pH tsakanin 6 da 6.8. Ruwa mai zartsi, toka, ɓaraguzan siminti da magina suka binne a gindin katanga, duk suna ɗaga ma'aunin sama da 7, daga nan saiwa ba ta iya ɗaukar ayan. In kuwa tsohon ganye ne ya yi rawaya tsakanin jijiyoyi, wannan magnesiyam ne, maganinsa gishirin Epsom da ake samu a kemis, babban cokali ɗaya a lita 4 na ruwa, sau ɗaya a wata. In bakin ganye ne ya ƙone ya yi ruwan ƙasa, gishiri ya taru, na ruwa ko na taki.

Ga mai ruwan zartsi: sau ɗaya a wata a wanke tukunyar, wato a zuba mata ruwa mai kyau ninki biyu na girmanta ya ratsa ya fice da gishirin. A kankare farin da ya taru a sama tare da ƙasa yatsa biyu, a mayar da sabuwa mai ruɓaɓɓen taki. Da damina a tara ruwan indararo a duro, babu ruwan da ya kai shi. Shagunan kayan gona suna sayar da ayan na fesawa a ganye, yana mayar da kore cikin mako biyu, amma in ba a gyara ƙasar ba rawayar za ta dawo.

Ruwan alwala yana da kyau ƙwarai, a sa tukunya ko a ja 'yar kwata zuwa gindin shukar. Ruwan wanki mai omo da bilic kuwa, a'a.

Ɗan Hotoro:
Malam, toka fa? Iyayenmu da ita suke gyara gindin shuka, kuma kowa ya san tana da fotash.

Malamin Gona:
Tana da shi, kuma haibiskos mayen fotash ne. Matsalar ita ce toka tana kashe tsamin ƙasa da sauri. A fili mai jigawa, tafi ɗaya a shekara ga babbar shuka ba zai yi ɓarna ba. A tukunya, musamman ga mai ruwan zartsi, kada a kusanta.

Mai Fulawa Nasarawa:
A kan taki ina da ja da masu cewa NPK 15-15-15 shi ke nan. Shi aka fi samu, ba a musu, amma lambar tsakiya, wato fosfaras, ta yi wa haibiskos yawa. Yana taruwa a tukunya, shi ma ya ɗaure ayan, sai ka ga mutum yana ƙara taki ganye yana ƙara rawaya. Wanda ya samu 12-12-17 mai magnesiyam ya fi dacewa. Wanda bai samu ba ya yi amfani da 20-10-10, ya ƙara ɗan fotash tsantsa, rabin ƙaramin cokali ga tukunya bayan wata biyu. Awo: ƙaramin cokali ɗaya ga tukunyar santimita 30, babban cokali ɗaya zuwa biyu ga wanda ke cikin ƙasa, sau ɗaya a wata. A barbaɗa a kewaye, nesa da kara da tsawon tafin hannu, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, a bi da ruwa. Yuriya kaɗai ganye take sawa, ga shi mai laushi da ƙwari ke so. Kuma Hajiyar Tarauni, naki da ke cikin wahalar zafi kada ki ba shi komai sai ya yi sabon toho. Ba a ɗura wa marar lafiya tuwo.

Baba Gadina:
Ni dai takin gargajiya na fi yarda da shi, ku bar ni da tsufana. Kashin tumaki da awaki ko na shanu wanda ya ruɓe wata uku, ya yi baƙi, ya daina wari da zafi. Kwano ɗaya a gindin babbar shuka farkon damina, wani a Oktoba. Na kaji yana da ƙarfi, ɗanyensa ƙona saiwa yake, a rage shi zuwa rabi kuma sai ya yi rabin shekara a jibge. Na zamani yana ciyar da shuka, ba ya gyara ƙasa, jigawar Kano kuwa in ba a sa mata abin da zai riƙe ruwa ba, ko tankar ruwa ka juye wucewa zai yi.

Sai dai a yi hattara da gara. Takin da bai ruɓe ba da busasshiyar ciyawa da ake rufe gindi da ita suna kiranta a rani. Rufin yana da amfani, kaurin yatsa uku na ɓuntu ko ɓawon gyaɗa yana rage ban-ruwa sosai, amma a bar fili yatsa huɗu tsakaninsa da kara. In aka ga ƙasa ta fara hawa jikin kara, a karya ta nan take a jiƙa wurin.

Mai Fulawa Nasarawa:
Baba, ba mu saɓa ba. A haɗa su. Amma mai tukunya a bene ba zai iya da gargajiya kaɗai ba, ƙasar ta yi kaɗan.

Hajiyar Gwale:
Sai maganar farin ƙwaron nan da ke dunƙulewa a kan toho da ƙarƙashin ganye, ganyen ya nannaɗe, ya yi danƙo, daga baya ya yi baƙi. Wasu fiya-fiya suke fesawa.

Malamin Gona:
Don Allah a daina. Fiya-fiya guba ce ga mai fesawa da yaran gida, tana kuma ƙona ganye. Maganin ƙwari na malatiyon ma haibiskos ba ya jure shi, zubar da ganye yake.

Haibiskos dangin kuɓewa ne da auduga da rama da yakuwa, don haka duk ƙwaron da manomin kuɓewa ya sani zai zo masa. Farin da kika ce yana tsotson ruwan shuka, yana fitar da danƙo irin darɓa, baƙin kuma fumfuna ce da ke tsirowa a kan danƙon. Ki duba da kyau za ki ga tururuwa ko kiyashi suna hawa da sauka. Su ke kiwonsa saboda zaƙin, suna ɗaukarsa daga reshe zuwa reshe, suna korar ƙwarin da ke cinsa. In ba a tare su ba aikin banza ake yi. A naɗa tef a kara a shafa masa man giris a kai, kada man ya taɓa ɓawon, a kuma datse duk reshen da ya taɓa katanga.

Sannan a yanke kan rassan da suka fi kamuwa a ƙona. Saura a wanke da ruwa mai ƙarfi. A haɗa man darbejiya mililita 5 da sabulun ruwa rabin ƙaramin cokali a lita ɗaya, a girgiza, a fesa sama da ƙarƙashin ganye. Wanda ba shi da man, ya daka ƙwayar 'ya'yan darbejiya giram 50, ya jiƙa a lita ɗaya ya kwana, ya tace da ƙyalle, ya sa ɗan sabulu. Fesawa bayan la'asar sakaliya, ba cikin rana ba, mai da rana ƙuna ne. A maimaita bayan kwana 5 zuwa 7, sau uku, saboda ƙwan da ke ɓoye ba ya mutuwa a karon farko. Wannan haɗin yana yi wa farin ƙuda ma.

Na hunturu daban ne. In ganye ya yi ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa masa gari, ya dushe, ga siririyar yana a ƙarƙashi, to jan gizo ne, ƙanana ƙwarai. A kaɗa ganyen a kan farar takarda za a ga ɗigo yana motsi. Ƙura da busasshiyar iska yake so. Wanke ƙarƙashin ganye da ruwa sau biyu a mako ya fi yawancin magunguna, domin magungunan feshin wake suna kashe maƙiyansa su bar shi ya yaɗu.

Ɗan Hotoro:
Ku ji fa, raga, baho, giris, darbejiya. Duk wannan saboda furen da kwana ɗaya yake yi ya yanƙwane? Ga boganbiliya nan, ƙishi ma shi ke sa ta fure, rani guda katanga ja-wur. A unguwar da ake sayen ruwa wurin 'yan garuwa, wa zai ba fulawa jarka kullum?

Mai Fulawa Nasarawa:
Maganarka a kan hanya take, mai sayen ruwa da jarka ya dasa boganbiliya a katangar yamma ya huta. Amma tana da ƙaya, ba a sa ta inda yara ke wasa ko bakin ƙofa. Haibiskos biyu a gefen gabas kusa da wurin alwala ba za su ci jarka ba. Kuma kwana ɗayan da kake rainawa, lafiyayyar shuka kowace safiya da sabo take tashi. Wanda yake son mai juriya ya nemi ja mai falle ɗaya, irin na shingen tsofaffin gidajen gwamnati. Manya-manyan nan masu launi biyu da uku yawanci aure aka yi musu a kan saiwar wancan, kuma su ne ke fara mutuwa.

Uwargida Tarauni:
Allah ya saka da alheri. Aski fa? Ya yi tsayi, ƙasan duk kara ne. In rage shi yanzu?

Baba Gadina:
A'a Hajiya, ba a Afrilu ba. Ganyen sama shi ne laimar rassan, in kika cire rana za ta ƙona ɓawo. Ki jira ruwa ya sauka, ƙarshen Mayu zuwa Yuni. Ki rage kashi ɗaya cikin uku na tsayi, da almakashi mai kaifi da aka goge da sifirit. A yanka a karkace, rabin santimita sama da idon da ke kallon waje, don sabon reshe ya buɗe maimakon ya cusa ciki. A cire busassu da masu gogar juna. Fure a kan sabon reshe yake fitowa, zai ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ya dawo. In sabon toho ya kai tsawon yatsa a tsinke kansa da farce, zai rabu biyu, fure ya ninka.

Malamin Gona:
Baba, a nan zan ɗan bambanta. Aski gaba ɗaya a Yuni yana nufin babu fure har Satumba. In aka raba rassan kashi uku, a yanke kashi ɗaya a Yuni, ɗaya a Yuli, ɗaya a Agusta, ba za a rasa fure ba ko sau ɗaya, kuma duk za su nuna a kaka, lokacin da launinsa ya fi kyau.

Baba Gadina:
Malam, wannan ga shukar da take da siffa ne. Wadda ta zama sanda, in ba a sare ta lokaci ɗaya ba, ƙarfin duk zai tafi rassan da aka bari, na ƙasa ba za su tofo ba.

Hajiyar Gwale:
Rassan da aka yanke ana iya dasa su ko?

Mai Fulawa Nasarawa:
Sosai, kuma Yuni zuwa Agusta ne lokacinsa saboda laima. A zaɓi reshe mai kaurin fensir wanda ya fara komawa ruwan ƙasa, ba ɗanye shar ba, ba tsoho ba. Tsawon santimita 12 zuwa 15, mai ido uku ko huɗu, a yanka dab da ƙasan ido. A cire ganye duka sai biyu na sama, su ma a rage su rabi, a cire ƙullin fure. A ɗan kankare ɓawon gindin, in akwai hodar da ke sa reshe ya yi saiwa a dangwala. A soka rabinsa cikin leda mai ramuka da aka cika da yashi kashi biyu, ƙonannen ɓuntu kashi ɗaya, ba taki. A kifa masa gorar ruwa da aka yanke gindinta, a cire murfin, a ajiye a inuwa mai haske. Danshi kawai, ba caɓi ba. Mako 4 zuwa 8 yake saiwa. Sabon ganye ba shaida ba ne, reshe yana iya tofowa da abincin jikinsa. Sai an ga farar saiwa ta ramin leda. A dasa goma, ja mai falle ɗaya yawancinsu za su kama, masu ninki kaɗan.

Su masu ninkin gara a sa su yi saiwa a jikin uwa. A zagaye reshe da wuƙa a cire ɓawo faɗin santimita 2, a kankare santsin, a dunƙula jiƙaƙƙen garin katako da ya ruɓe a wurin, a naɗe da leda a ɗaure sama da ƙasa. Bayan mako 6 zuwa 8 in saiwa ta cika ledar sai a yanke ta ƙasa.

Wajen mayarwa ƙasa: rami santimita 50 faɗi da zurfi, ƙasar sama kashi biyu, ruɓaɓɓen taki ɗaya, yashi ɗaya. Tazara mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, in shinge ne santimita 70. Kada a binne kara fiye da inda yake a leda. In a waje ne a kewaye da waya, akuya ba ta barinsa.

Malamin Gona:
Ƙari biyu. Kada a ɗebo ƙasa daga inda aka yi kuɓewa ko tumatir, tsutsar saiwa tana nan, wadda ke sa saiwa ta yi ƙulu-ƙulu shukar ta tsumbure, kuma in ta shiga ba ta da sauƙin fita. Na biyu, wurin da ruwa ke kwanciya a Agusta a ɗaga shi tudu santimita 20 kafin dashe. Haibiskos da ya yi yaushi alhali ƙasa a jiƙe take, saiwarsa ce ke ruɓewa. A zare shi daga tukunya a duba: lafiyayya fara ce mai ƙarfi, ruɓaɓɓiya baƙa ce mai laushi da wari. A yanke ruɓaɓɓen, a sake ƙasa, a rage rassa daidai da saiwar da ta rage, a cire farantin da ke ƙarƙashin tukunya har damina ta wuce.

Hajiyar Gwale:
Akwai wani a makwabta, furensa ja ne yana rataye, bai taɓa buɗewa ba kuma ba ya zubewa. Shi ma zafin ne?

Mai Fulawa Nasarawa:
A'a Hajiya, wannan lafiyarsa ƙalau. Wani ɗan'uwansa ne da ake kira Malvaviscus, haka furensa yake a naɗe har ya bushe, tsinken tsakiya kaɗai ke leƙowa. Ya fi haibiskos jure inuwa, don haka shi ya dace da lungun da rana ba ta wuce awa uku.